Wasiƙa Daga Tema: Inda Ake Yanka Wa Taitus Farashi Kafin Ya Iso Ijora

Assalamu alaikum.

Gaisuwa ga iyayenmu Alhazai masu ɗakunan sanyi a Ijora, da 'yan uwa masu sarin kwali suna kaiwa Agege da Idi-Araba da Mile 12, da masu cika tirela zuwa Kano da Kaduna. Daga bakin tashar jiragen su ta Tema, a ƙasar Gana, muke rubuto muku. Allah ya ba da kasuwa.

Duk ranar da kwalin kifin taitus ya ƙara kuɗi, dala ake fara zagi, sai kwastan, sai dizal. Ba a yi musu ƙarya ba. Amma ko da naira za ta tsaya cak shekara guda, taitus ba zai sauko yadda kuke so ba. Ruwa ba ya tsami banza: kifin ne kansa ya ragu a teku, kuma masu iko da shi sun kasa shiryawa a kan rabo.

Taitus ba ɗan ruwanmu ba ne. A arewa maso gabashin tekun Atlantika yake, yana zuba ƙwai yamma da Ayalan da Sikotlan a farkon shekara, ya haura kiwo ruwan Norway da Aisilan da tsakiyar shekara, sannan ya juyo. Garke ɗaya ne, amma yana ratsa ruwan ƙasashe da dama, kuma tun yarjejeniyar teku ta 1982 kowace ƙasa na da iko da mil 200 daga gaɓarta, wato kimanin kilomita 370.

Ga yadda aka tsara abin a takarda. Akwai majalisar masana mai suna ICES a Kofanhagan, babban birnin Danmak. Duk shekara uku jiragen bincike kan fita su ƙidaya ƙwan da ke yawo a ruwa, don a kimanta yawan iyayen da suka zuba shi. Ana kuma ɗibar kifi daga abin da aka kama, a ciro wani ɗan ƙashi mai kamar tsakuwa a kunnensa, a ƙirga zobban da ke jiki a san shekarunsa, kamar yadda makiyayi ke duba haƙoran saniya. Da wannan lissafin, a ƙarshen Satumba, masanan kan ce kada a wuce tan kaza a shekara mai zuwa. Daga nan sai ƙasashen da kifin ke ratsawa su zauna: Birtaniya, Norway, Tarayyar Turai, tsibiran Faro, Aisilan da Girinlan.

A nan gizo ke saƙar. Sau da yawa sukan yarda da jimillar, rabon ne ya gagara. Kamar magada ne da suka amince gona ta ba da buhu ɗari, amma wannan ya ce talatin nasa ne, wancan ya ce arba'in, na uku ya ce ba ya karɓar ƙasa da hamsin, kuma kowa ya shiga rumbu ya ɗebi abin da ya ambata. Rigimar ta ɓarke a 2010, bayan kifin ya fara kwarara ruwan Aisilan, ita da Faro suka ɗaga kasonsu da kansu. A 2014 Tarayyar Turai da Norway da Faro sun ƙulla wata yarjejeniya ta su uku, ta ƙare a 2020, ga Birtaniya ta fice daga Tarayyar ta zama mai baki na kanta. Shekara da shekaru ana kama fiye da abin da masana suka ce. Shawarar masanan ta 2025 ta kasance kusan tan 577,000. Ta 2026 ta faɗo kusan tan 174,000, ragin kashi 70 cikin ɗari. Mai saye a Japan da Koriya ta Kudu yana biyan tsada ya kwashe manya masu mai, abin da ya rage shi ake yi wa ciniki zuwa Apapa.

Saboda haka ku riƙa karanta jikin kwali, ba nauyi kaɗai ba. Hukumar abinci ta Majalisar Ɗinkin Duniya, FAO, ta yanka tekunan duniya yanki-yanki, kowanne da lambarsa. Lamba 27 ita ce ruwan Turai, gidan taitus na ainihi, wanda ake rubuta wa Scomber scombrus. Lamba 34 namu ne, daga Maroko zuwa bakin kogin Kwango. Lamba 47 ruwan Namibiya da Angola, 87 ruwan Chile da Peru, 61 ruwan Japan da Sin. In aka ce maka taitus ne amma kwalin ya nuna 34 ko 61, ɗan uwansa aka ba ka. Ana cin sa lafiya, sai dai bai kai shi mai ba, bai kamata ya kai shi kuɗi ba. Ko ba takarda ana ganewa: na ainihi zanen bayansa baƙi ne ƙirin, layi-layi a fili, cikinsa fari tas ba ɗigo; na yankinmu idonsa ya fi girma, zanensa a dushe, gefensa da ɗige-ɗige.

A duba watan kamu. Wanda aka kama daga Satumba zuwa Nuwamba ya gama kiwo, jikinsa cike da mai. Wanda aka kama bayan ya zuba ƙwai ramamme ne, in aka soya sai ya bushe. Sai lambar girma: kwalin kilo 20 mai rubutun 300 zuwa 500, wato nauyin kowane kifi a giram, zai ba ka kifi tsakanin 40 da 66, mai 400 zuwa 600 kuma tsakanin 33 da 50. Mai sayarwa ɗai-ɗai a bakin titi, a wannan ƙidayar ribarsa take.

Kada a ce haɗuwar ƙasashe ba ta taɓa yin amfani ba. Kifin kote na Chile da kuke saukewa shaida ne. Ya taɓa kusan ƙarewa, aka kafa SPRFMO, hukumar kula da kamun kifi a kudancin tekun Pasifik, mai ofishi a Welinton ta New Zealand, yarjejeniyarta ta fara aiki a 2012, aka yanka wa kowace ƙasa kasonta da ƙarfin doka, aka jure shekarun ƙunci. Kifin ya farfaɗo har ana ƙara kaso. Bambancin kawai, can an rubuta rabon kuma an bi shi.

To, mu a namu yankin fa? Kwamitoci ba mu rasa ba. Akwai CECAF, kwamitin FAO mai ba da shawara kan kifin yankinmu, tun 1967. Akwai kwamitin Dakar na 1985 mai ƙasashe bakwai, daga Muritaniya zuwa Saliyo. Akwai wani kwamitin, FCWC, a nan Tema tun 2007, mai haɗa Najeriya, Benin, Togo, Gana, Kwaddibuwa da Laberiya. Amma wadda ke yanka kaso da ƙarfin doka ita ce hukumar ICCAT mai ofishi a Madrid, ita kuwa tuna da danginsa take kula da su. Ƙananan kifaye irin su shawa da bonga, abincin talaka, waɗanda ake bandawa a Makoko, shawara kawai ake bayarwa a kansu, mai so ya ɗauka. A Nuwadibu ta Muritaniya, da Senegal da Gambiya, masana'antu na niƙa irin wannan kifin ya zama garin abincin dabbobi da na kifin kiwo a Turai da Asiya. Kilo huɗu zuwa biyar na ɗanye ne ke ba da kilo ɗaya na gari. CECAF ta daɗe tana cewa an wuce gona da iri, amma ba ta da sandar duka.

Gana ta gwada rufe teku: manyan jirage masu jan koma tun 2016, masu kwale-kwale karon farko a 2019, daga baya aka tsayar da abin a Yuli, manyan jirage har ƙarshen Agusta, lokacin da kifi ke ɗauke da ƙwai. Kwaddibuwa ta bi sahu a 2023. Bahaushe ba baƙo ba ne a wannan dabarar, haka ake hana su a Matan Fada ta Argungu sai ranar biki. Sai dai kogin Argungu sarkin ruwa ɗaya gare shi. A teku, in ka rufe naka maƙwabci bai rufe ba, kifin da ka bari shi zai kwashe. In kuma aka buɗe jirage suka ninka fita don rama asara, watan hutun ya tashi a banza.

Dokar Najeriya ta kamun kifin teku ta 1992 ce, kuma ƙa'idojinta a fili suke. Jirgi mai jan koma ba ya shiga mil biyar na farko daga gaɓa, kilomita tara da 'yan kai, wannan na masu kwale-kwale ne. Idon raga a jakar ƙarshen koma kada ya gaza milimita 76 ga mai kamun kifi, 44 ga mai kamun jatan lande, kuma a miƙe ake auna shi. Mai jatan lande dole ya saka ƙarfen da ke ba kunkurun teku ƙofar fita, in ba haka ba Amurka ba ta karɓar kayansa.

Inda ake ɓarna sananne ne. Mai lasisin jatan lande, da ragarsa ta 44, yana kwaso 'ya'yan kifin kuroka da ba su taɓa zuba ƙwai ba. Wani ya cusa ƙaramar raga cikin babba, a tasha a auna ta waje a ce lafiya. Wani ya kashe na'urar da ke nuna inda jirgi yake ya kutsa gaɓa da dare, alhali kifi na ganinka mai jar koma, masunta na ganin fitilarsa, jirgin sintiri ne babu. Mafi muni shi ne juye kaya a tsakiyar teku. A Gana saiko ake ce masa: babban jirgi ya daskare ƙananan kifi allo-allo ya sayar wa kwale-kwale, kifin bai shiga littafin kowa ba, lissafin masana ya gurgunce. Irin wannan sakaci na cikin abin da ya jawo wa Gana katin gargaɗi daga Tarayyar Turai karo na biyu a 2021, Kamaru kuwa jan kati ta samu a 2023, wato an hana kifinta shiga kasuwar Tarayyar. Maganin da ya fi sauƙin kuɗi shi ne a tare ɓarawo a tasha, ba a bi shi cikin teku ba, kuma yarjejeniyar da ta ba tashoshi ikon hana irin wannan jirgin sauke kaya ta fara aiki tun 2016.

Ku kuma, Alhazai, kayan da ba su da takarda su suka fi zuwa da matsalar sanyi. Kifin ƙanƙara digiri 18 ƙasa da sifili yake so, tun daga jirgi har ɗakin ajiya. Kwalin da ya jiƙe ya sake bushewa, ko jini ya daskare a ƙasan leda, ko kifin ya manne ya lanƙwashe, ya narke a hanya aka sake daskare shi. Taitus in ya sha zafi yana tara wani guba mai sa ƙaiƙayi da jan fuska da ciwon kai, kuma suya ba ta kashe shi. Mai yawan mai ne, in ya daɗe a ajiye cikinsa kan yi rawaya ya yi ɗaci, don haka ɓoye shi wata da watanni ana jiran farashi ya tashi caca ce. Wanda zai ƙulla cinikin kaya masu yawa ya saurari shawarar ICES ta ƙarshen Satumba da zaman ƙasashen da ke biyo bayanta, ya kuma tambayi farashin koten Chile da na Namibiya tun kafin kowa ya juya can.

A gaida mutanen kasuwa baki ɗaya. Wassalam.

'Yan uwanku a Tema