Ruwan fari na wankin kwanon rufi ne

Ƙannena masu kafa tanki a gindin indararo, ruwan sama mai tsabta ne, amma sai ya bi ta kan kwano kafin ya iso gare ku. Kwanon rufi a garin Tawa kuwa yakan yi kusan wata 8 bai ga ɗigo ba, yana tara ƙurar hunturu, kashin tantabaru da na ƙadangaru, ganyen dogon yaro, har da ledar da iska ta kwaso. Lokacin da na fara, da na ga hadari sai in buɗe bakin tanki, don a garin da ake sayen ruwa hannun ƴan garuwa, ganin yana malala a ƙasa ciwo ne. Ba a jima ba ruwan ya yi wari, yara suka kama gudawa, na zubar da shi kaf.

Ga lissafin da ban yi ba. Ruwan milimita 1 a kan murabba'in mita 1 lita guda ne. Rufi mai murabba'in mita 50, in aka yi ruwan milimita 20, ya tara lita 1,000 ke nan. Abin da ya kamata ku bari ya wuce shi ne milimita 1 zuwa 2 na farko, wato lita 50 zuwa 100, bido biyu zuwa huɗu. Wannan a tsakiyar damina ne, in an ɗan kwana biyu ba a yi ruwa ba. Ruwan farko na shekara kuwa, wanda jar ƙura ke shigowa gabansa, ku bar wa shuka da yayyafin tsakar gida gaba ɗayansa.

Da na gane haka sai na sa aka yi mini tiyo a tsaye mai murfi a ƙasa, ruwan datti ya fara cika shi kafin sauran ya zarce tanki. Dabarar ba ta da laifi, girman ne bai isa ba: tiyo mai faɗin milimita 110, tsawon mita guda, bai ɗaukar ko lita 10. Nan da nan ya cika, laka ta wuce abinta. Ƙaramar ganga ce ta raba gardama. Sai dai a tuna a juye ta bayan kowane ruwa, in ba haka ba kamar babu ita.

Raga biyu ake so, mai manyan idanu a bakin indararo don ganye, mai ƙanana irin ta taga a bakin tanki. Ni na rufe sama na manta da tiyon da ke fitar da rara, ashe ta nan sauro ke shiga. A watan Agusta, ganiyar zazzaɓi, ina kiwon sauro a gidana. Murfi ya rufu ruf, don haske ma gansakuka yake kawowa. Famfon tanki ya ɗara gindi da kamar taƙi ɗaya, laka ta samu wurin kwanciya.

Kada garau ɗin ruwa ya ruɗe ku. Tsumma da raga abin da ido ke gani suke tarewa, ƙwayar cuta kuwa wucewa take. Wanda za a sha a tafasa shi, ko a jefa ƙwayar Aquatabs, maganin tsabtace ruwa, yadda aka rubuta a jikin takardarta, a jira minti 30. In ruwan ya gurɓace, a bari ya kwanta tukuna, don maganin bai cika aiki a ruwa mai laka ba.

Gangar da ta taɓa ɗaukar mai ko maganin ƙwari, komai arharta, ku bar wa mai ita. A watan Mayu kuma, kafin hadari ya fara haɗuwa, ku hau ku share kwano da indararo, ku wanke cikin tanki. Da sassafe za ku hau, kafin kwanon ya ɗauki zafi.