Yaron da aka koro daga lekol

Jiya da hantsi ina zaune ƙofar shago a nan Marwa, arewacin Kamaru, sai ga ɗan maƙwabciyata ya dawo daga lekol, wato makarantar boko, yaro ne da bai wuce shekara shida ba, riga ta yage a kafaɗa, ga shatin bulala biyu kwance a ƙwaurinsa. Na ce kai lafiya da wannan lokacin? Ya ce "Baba, koro ni aka yi." Wai faɗa suka yi da wani yaro kan alli, shi ɗayan ɗan wani alhaji ne mai manyan motoci da ke lodi zuwa Kuseri, shi an ce ya share hawaye ya koma benci, namu kuma an zane shi an ce kar a sake ganinsa sai da uwarsa.

Uwar ƙosai take soyawa bakin titi, kuɗin APE, ƙungiyar iyayen yaran makaranta, ma ba ta gama biya ba, duk da tun shekarar 2000 aka ce firamare kyauta ce a ƙasar nan. Ta bar kasko ta yafa mayafi ta tafi, tana "Malam a yi haƙuri, yaro ne", abin da aka ce mata kawai shi ne ɗanki ba shi da tarbiyya. Wlh kalmar nan ta fi bulalar ci min rai, don ban taɓa jin an faɗa wa mai kuɗi ita ba, ɗansa in ya yi rashin ji sai a ce ƙiriniya ce, zai bari. Kuma fa dokar ilimi ta Kamaru ta 1998 ta hana dukan yara a makaranta, amma dai ku da kanku kun san inda dokar take tsayawa.

Da ina ɗauka abin namu ne na nan, ashe har Amurka. A 2014 ma'aikatar iliminsu ta fitar da lissafi cewa yara baƙar fata kashi 18 ne cikin ɗari na 'yan nazare, amma cikin waɗanda aka dakatar fiye da sau ɗaya su ne kashi 48. 'Yan shekara huɗu fa! Me ɗan shekara huɗu zai yi da har za a ce ya zauna gida? Can launin fata ne ya haɗu da talauci, yaro tun bai iya rubuta sunansa ba an riga an sa masa ido. Akwai wani yaro baƙar fata, Kalief Browder, a New York, yana da shekara 16 aka kama shi a 2010 kan zargin satar jakar goyo, aka sa belin dala 3,000, gidansu ba su da shi, sai da ya yi shekara uku a kurkukun Rikers ba a yanke masa hukunci ba, daga baya aka janye ƙarar, a 2015 ya kashe kansa.

Mu kuma ba sai mun je nesa ba. A Disamban 2014 jami'an tsaro suka shiga makarantun allo a garin Girbidik suka kwashi yara 84, har da 'yan shekara biyar, aka kawo su nan Marwa aka ajiye wata shida ba tuhuma, sai da ƙungiyar kare haƙƙin ɗan Adam ta Amnesty ta ɗaga murya a 2015. Lokacin tsoron Boko Haram ne, na sani, nima na ji tsoron, amma dokarmu ta ce yaron da bai kai shekara 10 ba ba a ɗora masa laifi. Almajirai ne, iyayensu ba su da wanda za su kira a waya.

Yau da safe na ga yaron tsugune gefen kasko yana miƙa wa uwarsa itace. Ita kuma ta aiko min da takarda da biro, wai in taimaka in rubuta mata wasiƙar ban haƙuri da Faransanci ta kai ranar Litinin. Na rubuta layi biyu na tsaya, har yanzu takardar tana nan kan kantar shago ƙarƙashin gwangwanin tumatir.