Wake-wake ta fara ƙyanƙyasa

Asabar. Sanyi ya sauka sosai a Gwammaja, hazo ya rufe Dutsen Dala har ba a hango shi daga kan bene. Bayan sallar asuba na leƙa lungun murhu inda kazata Wake-wake take kwanci, tun kafin in durƙusa na ji ciyo-ciyo a ƙarƙashinta. Da ma jiya da daddare na ga ƙwai biyu sun tsage, kuma lissafi ya nuna yau ne kwana na 21, wa'adin ƙwan kaza ke nan. Na miƙa hannu ta kai min sara a bayan hannu, ta bubbuɗe gashi tana gurnani. Na ce Allah ya ba ki haƙuri, na janye.

Ƙwai goma sha biyu na sa mata a tsohon kasko, na shimfiɗa yashi da toka a ƙasa saboda ƙuma da ƙwarƙwata, sannan na ɗora ƙaiƙayi a sama. Duk na yi musu alama da gawayi, don sauran kajin ba su da kunya, tana tashi cin abinci sai wata ta haye gurbin ta ajiye nata. In ba a cire sabon ba, ranar ƙyanƙyasa ta bambanta, uwar ta tafi da waɗanda suka fito ta bar shi ya huce. Sati na biyu na haska su da tocilar waya cikin dare. Mai rai za ka ga jijiyoyi ja sun bazu a ciki, wanda zakara bai taka ba kuwa fayau yake kamar ranar da aka saka shi. Biyu na cire a lokacin, saura goma.

Wajen ƙarfe tara ta ɗan ɗaga jiki, na ƙirga bakwai sun fito. Biyar sun bushe sun yi luf-luf, biyu kuma jiƙe sharkaf, sun kwanta wuya a miƙe kamar ba za su yi rai ba. Auta ya fara kuka wai sun mutu. Na ce masa gajiya ce, tsakon da ya kwana yana dukan ɓawo da ɗan tsinin da ke kan bakinsa ai dole ya kwanta ya huta.

A nan muka ɗan yi ja-in-ja da Inna. Akwai ƙwai ɗaya da ya huda tun jiya, bakin tsakon a waje yana numfashi amma bai ƙara komai ba.

"Ke kawo shi nan in ɓare masa, zai galabaita," in ji ta.

Na ce, "Inna ki yi haƙuri a ba shi zuwa la'asar."

Ta ce ita tun kafin a haifi mijina take kiwon kaji. Gaskiyarta, kuma ban musa ba. Amma daga hudawa zuwa fitowa tsako yana iya ɗaukar yini guda cur, kuma a wannan tsakanin yake janye sauran gwaiduwa zuwa cikinsa, jijiyoyin da ke jikin tantanin ƙwan suna bushewa. In aka ɓare da wuri jini ne zai zuba, ko ya fito da cibiya a buɗe, irin waɗannan ba sa kwana uku. Ni a ganina yawancin tsakin da ake asara a gida ranar farko, hannun masu tausayi ne yake kashe su. Inna ta taɓe baki ta koma ɗaki da carbinta.

Wannan gwaiduwar da suka shanye ita ce guzurinsu, tana riƙe su kwana biyu ko uku, shi ya sa ban yi gaggawar abinci ba. Ruwa na fara kai musu a murfin bokitin fenti, na jera tsakuwa a ciki. Ɗan tsako yana iya nutsewa a ruwan da bai kai gaɓar yatsa ba, ko kuma ya jiƙe sanyi ya kama shi, a hunturun nan kuwa duk ɗaya ne. Uwar ce ta fara sha, ta sha kamar ba za ta daina ba. Ta rame ƙwarai, zankonta ya koɗe, ƙirjinta duk ta tsige gashin don fatarta ta riƙa taɓa ƙwan. Sati uku sau ɗaya take sauka a rana, ta yi kashi, ta yi birgima a toka, ta tsattsaga hatsi ta koma a guje.

Da hantsi na aiki Yaya ƙarami Kasuwar Rimi ya auno gero, aka ɓarza min tsaki a injin bakin layi. Na haɗa da ɗan abincin kamfani na 'yan tsaki da maigida ya sayo, don tsakin gero kaɗai ba ya gina jiki da sauri, na dafa ƙwai ɗaya na murmushe a kai. Abin da ya fi burge ni yau shi ne yadda take koya musu ci. Ta ɗauki ƙwaya ta saki, ta sake ɗauka ta saki, tana wani ƙut-ƙut a hankali, sai ka ga sun rugo sun kewaye bakinta. Wani ɗan baƙi mai farin goshi ya kama yatsan ɗan'uwansa yana ja, ya ɗauka tsutsa ce.

La'asar sakaliya wancan ƙwan ya buɗe da kansa, ya zagaye ɓawon ya ture murfin. Inna ta leƙo ta ce, "To, Allah ya raya," ba ta ƙara ba. Na tara ya biyo baya kafin magariba. Na goman na girgiza a kunne na ji ruwa yana kaɗawa, baragurbi ne, na sa aka kai shi bola can nesa kafin ya fashe mana a gida.

Yanzu sauran aikin nawa ne, don ita ɗumi da koyarwa take iyawa, ba ta iya wa gafiya da muzuru. Na mayar da su cikin akurki na toshe ramin da ke gindin bango da fasasshen bulo, na yafa buhu a gefen da iska ke shigowa. Ba zan sake su tsakar gida ba sai sun yi sati biyu ko uku, in rana ta fito in kife su da babban kwando su sha hantsi. Shirwa tana shawagi a saman unguwar nan kullum, kuma maƙota sun ce in shafa musu galura wai ba ta gane su. Zan shafa, amma kwandon na fi yarda da shi.

Babban abin da ke raina shi ne Niyukasal, ciwon da ke share kajin unguwa duk hunturu, ka ga kaza tana zawo kore, wuya ya murɗe. Ba shi da magani sai rigakafi. Ana ɗiga shi a ido ko a ruwan sha, akwai ma wanda cibiyar binciken dabbobi ta Vom ke yi. Matsalar ita ce kwalba ɗaya ta kaji masu yawa ce, tana son sanyi, kuma in an haɗa ba ta kwana. Na yi wa matan layinmu magana a WhatsApp mu haɗa kuɗi mu sayi ɗaya, a yi wa kajin kowa rana guda. Uku sun amsa, Maman 'yan biyu ta ce sai maigidanta ya dawo daga Dawanau ta ji ta bakinsa.