Warin Garken Aladu Daga Buhun Abinci Yake Farawa

Idan wari ya yi yawa a garken aladu, yawanci a kan wanke daɓe da buɗe tagogi ake tsayawa. Suna taimakawa, amma tushen abin yana cikin abinci. Daga naitirojin ɗin da alade mai tasowa ya ci a cikin furotin, kusan ɗaya bisa uku kawai jikinsa ke riƙewa. Sauran fita yake yi, mafi yawa ta fitsari a matsayin wani sinadari da ake kira yuriya. Da fitsarin ya gauraya da kashi, sinadarin yuriyes da ƙwayoyin bakteriya ke samarwa sai ya farfasa yuriyar cikin 'yan sa'o'i, iskar amoniya ta tashi. Ita ce mai sa ido yaji, tana kuma raunana numfashin dabbobi da na masu aiki.

Babban mataki shi ne rage furotin. Duk maki ɗaya da aka cire, misali daga kashi 17 zuwa 16 cikin 100, yakan rage amoniya da kusan kashi 10 cikin 100. Aladen kuma zai rage shan ruwa, ruwan taki ya ragu a ramin da ake tara shi. Amma ba a rage garin waken suya haka kawai a zauna. Sai an cike gurbin da amino asid na masana'anta, wato sinadaran da ke haɗuwa su zama furotin: laisin, metiyonin, tireyonin da tiriftofan. Ana auna su ne da laisin, tireyonin wajen kashi 65 cikin 100 na laisin, tiriftofan kusan 18 zuwa 20. Idan ragin ya kai maki 3 ko 4, wasu amino asid biyu, falin da aisoliyusin, kan fara ƙaranci, girma ya ragu alhali kwano a cike yake. Akwai wani kuskure kuma: idan ba a lissafa ƙarfin abincin da jiki ke amfana da shi a zahiri ba, hatsin da ya maye gurbin waken suya sai ya zama kitse, naman ya faɗi daraja.

Haka nan bai dace a ba alade mai kilo 30 da mai kilo 100 abinci iri ɗaya ba. Buƙatar furotin raguwa take yi yayin da dabba ke girma, don haka a raba ciyarwa mataki biyu ko uku, na ƙarshe a sauko da shi wajen kashi 14 cikin 100.

Hanya ta biyu ita ce sa fitsari ya yi tsami, domin a ruwa mai tsami amoniya narkewa take yi, ba ta tashi sama. Benzoyik asid, giram 5 zuwa 10 a kowane kilo na abinci, hanta ke juya shi ya fita ta fitsari ya sauke ma'aunin pH, wato ya ƙara wa fitsarin tsami. Wasu kan musanya wani ɓangare na garin farar ƙasa da ake sa wa a abinci domin kalsiyam da kalsiyam salfet ko kalsiyam kuloraid. Yana aiki, sai dai idan ya wuce kima aladu kan rage ci, ƙashi ma ya yi rauni.

Zaren tsiro da ke cikin abinci mai ruɓewa a hanji, irin tukar gwozar sukari da ɓawon waken suya, yana sa bakteriya su kama naitirojin su fitar da shi a cikin kashi maimakon fitsari, inda ba ya saurin zama amoniya. Illarsa ita ce ƙarin iskar mitan daga ramin taki.

A nan ne mutane da yawa kan ruɗe: amoniya daban, ɗoyi daban. Warin da ke damun maƙwabta ya fi fitowa daga sinadarai masu ƙibiritu kamar haidirojin salfaid mai warin ruɓaɓɓen ƙwai, da kuma sikatol da indol da ake samu idan ragowar furotin ta ruɓe a babban hanji. Don haka kalsiyam salfet zai iya rage amoniya ya kuma ƙara warin ruɓaɓɓen ƙwai, haka ma metiyonin idan aka zuba fiye da buƙata. Rage furotin ne, a ganina, ya fi cancantar a fara da shi, tunda yana taɓa matsalolin biyu tare.

A duba kwanon ciyarwa ma. Abincin da ya zube ta ramukan daɓe ruɓewa yake yi a cikin taki, don haka a matse bakin kwanon har ya zama kusan rabin ƙasansa ne kawai abinci ya rufe.