Ranar zamana a benci

Gusau, Talata da dare

Yau ni ce da zama. Mu 'yan aji uku da huɗu da malamar sashen ba da shawara ta horar, kowa da ranarsa. Bayan La'asar sai ka je ƙarƙashin dogon yaron da ke bayan ɗakin karatu ka zauna har a kira Magariba, duk mai son magana ya same ka a can. Mata wurin mata, maza suna da nasu bencin ta gefen masallaci. Malama ta ce ta ɗauko dabarar ne daga Zimbabuwe, inda wani likitan ƙwaƙwalwa, Dixon Chibanda, ya koya wa tsofaffin mata a Harare su riƙa zama a benci a harabar asibiti suna sauraron masu damuwa, saboda likitoci sun yi kaɗan. Mu ma dai ƙarancin ne ya kai mu. Malama ita kaɗai ce, ɗalibai kuwa dubbai.

Safiya ba wani abu. Lacca, layin ruwa, hoce da ƙuli a wurin mai tallar bakin ƙofa.

Wadda ta fara zuwa, kwas ɗaya ta faɗi, tana tsoron gaya wa babanta. Muka tsara yadda za ta faɗa masa, har ta maimaita a gabana, ta tashi tana dariya. Irin wannan ba ya wuya.

Ta biyun ce ta tsaya mini a rai. 'Yar aji ɗaya ce, daga wani ƙauye ta wajen Ɗansadau. Ta wuce ta gabana kamar mai neman wani, ta dawo, sannan ta zauna can ƙarshen bencin. Ta ce, "Yaya, an ce nan aka zuwa in mutum bai iya barci." Na ce nan ne, ƙanwata. Sai ta yi shiru. Tana ta naɗe gefen hijabinta a yatsa tana warwarewa, wayarta mai fasasshen gilashi na kan cinya, kowane ɗan lokaci ta taɓa ta ta duba ko an kira. Labarin zuciya a tambayi fuska: idanunta sun faɗa, leɓɓanta sun bushe.

Wannan shirun shi ne abu mafi wuya da aka koya mana. Baki yakan yi ta ƙaiƙayi, kana son ka ce "ki yi haƙuri, komai na Allah ne". Maganar gaskiya ce, ni ma a kanta aka rene ni, kuma ina riƙe da ita. Amma idan ka riga mutum da ita tun bai buɗe baki ba, ka rufe masa ƙofa ke nan, sai ya ce "to, na gode" ya tashi da kayansa yadda ya zo da su. Haƙuri da addu'a suna da wurinsu, bayan an ji abin da ke ciki.

Da ta fara, ba ta tsaya ba. Bana babanta ya noma dawa da waken suya, amma ba a bari an girbe ba sai da garin suka haɗa kuɗin da 'yan bindiga suka ɗora musu. Abin da aka ware na makarantarta can ya tafi. Yanzu mahaifiyarta da ƙannenta suna wurin dangi a Magami, baban ya ƙi barin gona. Ta ce duk lokacin da wayar ta yi ƙara gabanta sai ya faɗi, idan kuma ba ta yi ƙara ba ya fi faɗuwa, don tana tuna watannin 2021 da aka katse layukan waya a jihar nan, ba wanda ya san halin da nasa ke ciki. Da hijabi take kwanciya, takalmanta kusa da kanta. Tun kafin ta zo ta ji labarin ɗaliban jami'a da aka kwashe daga gidajen haya a Sabon Gida a watan Satumba na 2023, shi ya sa ko babur ya wuce da dare sai ta miƙe zaune. 'Yan ɗakinsu sun ce iskokai ne. Wata ta ce raki ne na 'yan ƙauye. Wannan magana ta biyun ta ƙona mini rai ƙwarai, don wadda ta faɗa ba ta taɓa kwana a daji ba.

Littafin da Malama ke koya mana da shi na Hukumar Lafiya ta Duniya ne, na 2011, kan taimakon farko ga wanda ya shiga tashin hankali. Abu uku ya tsaya a kai: ka duba, ka saurara, ka haɗa mutum da inda zai sami taimako. Mu ba likitoci ba ne, ba ma sa wa ciwo suna, ba ma ba da magani. Sai dai akwai tambaya ɗaya da aka ce kada kunya ta hana mu yi, kuma yin ta ba ya cusa wa mutum tunanin da ba shi da shi. Na kama hannunta na ce, "Ƙanwata, kin taɓa jin kina son ki kashe kanki?" Ta ce subhanallahi, a'a, ta san haramun ne. Can kuma ta ce, "Amma wani lokaci ina roƙon in na samu barci kar in farka."

Na ce mata na ji daɗi da ta faɗa mini, kuma wannan magana ta fi ƙarfina ni kaɗai, dole mu je wurin Malama tare. Tun farkon zama nakan gaya wa kowa haka: sirrinki yana nan, sai dai idan ranki ko na wani yana cikin haɗari. Nan take jikinta ya ɗauki rawa. "Kware za a kai ni?"

Abin ya ba ni tausayi. Asibitin ƙwaƙwalwa na Tarayya da ke Kware a Sakkwato wurin magani ne kamar kowane asibiti, mutane na zuwa su ga likita su koma gida a ranar, amma mun mai da sunan garin abin zolaya tun muna yara, har mai ciwo ya gwammace ya mutu da abinsa a ciki. Na bayyana mata cewa ganin Malama hira ce kawai, idan ta ga da buƙata sai ta tura ta wurin likita, kuma rashin barci da firgita bayan irin abin da ta gani ba hauka ba ne. Ita kanta doka ta sauya. A watan Janairu na 2023 Shugaba Buhari ya sa hannu a dokar lafiyar ƙwaƙwalwa wadda ta maye gurbin tsohuwar ta 1958, ta kuma amince cewa mai irin wannan lalura yana da haƙƙin a nemi yardarsa a kan maganinsa. Ban san ko ta riƙe duka ba, amma rawar jikin ta lafa.

Sai muka koma kan kuɗi, don damuwa da yunwa tare suke tafiya. Ba ta ma nemi rancen NELFUND, wato rancen karatu na Gwamnatin Tarayya ga ɗalibai, ba, ta ɗauka sai mai hanya. Tun watan Mayu na 2024 aka buɗe shafin. Ba ruwa a kansa, ana biya wa mutum kuɗin makaranta kai tsaye, a kuma ba shi naira 20,000 a wata na kashewa, biya sai shekara biyu bayan bautar ƙasa. Yakan ɗauki lokaci kafin ya fito, na gaya mata gaskiya. Lambar JAMB tana da ita a ka, ta BVN tana cikin waya, takardar NIN ce ke cikin akwati.

Aka kira salla muka tafi tare. Bayan mun idar na kira Malama a gabanta, ta ce kada a bar ta ta kwana ita kaɗai da tunani. Akwai wata 'yar aji biyu daga Maru a ɗakin da ke kusa da nasu, mai hankali ce, da yardar yarinyar na yi mata magana, ta ce ta kwaso tabarmarta ta dawo wurinsu. Ciwon 'ya mace na 'ya mace ne. Na tsaya sai da ta sha fura rabin kofi.

Ni ma da na dawo ɗaki na yi kuka, don kawuna yana can Tsafe cikin irin wannan hali. Na kira abokiyar zamana ta ranar Alhamis, ban faɗi suna ba, na sauke abin da ke raina kamar yadda aka ce mu riƙa yi wa juna. Ina da gwaji jibi, ban buɗe littafi ba tukuna.

Gobe ƙarfe goma zan biya mata mu je ofishin Malama, daga nan mu wuce shagon intanet mu cike takardar rancen. Na tura mata saƙo ta fito da takardar NIN ɗin tun da dare.