Kwas ya roƙa, na ba shi kujera

Gobe zan miƙa makullin ofis. Cikin duk shekarun da na yi ina shugabantar sashe, abu ɗaya ne har yau yake ci mini tuwo a ƙwarya: ma'aikacin da na kora da hannuna ba tare da na rubuta masa takardar kora ba.

Babu wanda ya kai shi iya gyaran na'urori a sashenmu. Da na ga jikinsa ya fara sanyi, sai na ɗauka maganar kuɗi ce. Na yi ta kai-komo har aka ƙara masa girma, aka ba shi teburi da mutum shida a ƙarƙashinsa. Ni a ganina gata na yi masa. Ashe raba shi na yi da abin da yake fito da shi daga gida kullum da safe. Ya koma sa hannu a takardun hutu da sasanta rigingimu, hannunsa bai sake taɓa na'ura ba. Bayan wata bakwai ya ajiye aiki. Ranar da ya zo sallama ya ce, "Yallaɓai, ni kwas na roƙa, ba kujera ba." Sau biyu ya roƙa kuwa, ni ne ban saurara ba.

Sai daga baya na ci karo da bayanin Edgar Schein, wani malami na jami'ar MIT ta Amurka, wanda ya kasa abin da ke ɗaure mutum ga sana'arsa gida takwas. Wani ƙwarewa yake nema, wani shugabanci, wani tabbacin aiki, wani kuma a sakar masa mara. Tun a 1959 ma Frederick Herzberg, wani masanin halayyar ɗan'adam, ya nuna cewa albashi mai kyau ƙorafi yake ragewa, amma son aiki daga aikin kansa yake fitowa, da yabo, da samun ci gaba.

Na kai wa shugabanmu wannan magana, ina neman a ware kuɗin horo. Ko ɗago kai bai yi ba, ya ce, "Mai tafiya ya tafi, masu neman aiki sun fi kujerun yawa." A shekarar nan mutum uku suka bi bayan na farko, kowane sabo kuma sai da muka yi watanni muna koya masa.

Tun daga nan ban ƙara tura sunan kowa ƙarin girma ba sai na zaunar da shi na tambaye shi inda yake son kaiwa. Wanda zai gaje ni na bar masa amsoshinsu a rubuce, mutum goma sha ɗaya, kowa da shafinsa.