Daga Jos zuwa Abuja da faranti biyu a cikin buhu

Ƙarfe shida na safe muka bar Jos, hunturu ya kankama, hazo ya lulluɓe duwatsu. Mu uku ne, ni da yara biyu da nake koya wa walda. Kowanne ya ɗauko hular walda da safar hannunsa, ni kuma na naɗo faranti biyu na ƙarfe mai kaurin milimita 10 a cikin buhun siminti, aikin da suka haɗa da hannunsu. Wani tsohon abokin sana'a ne ya kira mu Abuja. Yana horar da matasa a kan ƙa'idojin gasar sana'o'i ta duniya, wato WorldSkills, ya ce mu kawo aikinmu a gwada shi da ma'aunin can.

Muka wuce Bukuru da Mararrabar Jama'a, muka bar duwatsun Riyom a baya, sai gangaren Hawan Kibo. Direbanmu ya san hanya, da giya ya sauko, bai ɗora wa birki nauyin motar ba. Ana gama gangarowa kowa ya tuɓe rigar sanyi. A Akwanga muka karya kumallo da shayi da burodi, a nan ne ƙaramin cikinsu ya ce, "Oga, wai mu ma za mu iya shiga wannan gasar?"

Na ce masa shekarunsa sun ba shi dama, domin a yawancin sana'o'in ba a ɗaukar wanda ya haura 22 a shekarar gasar. Abin ya faro ne a Madrid a 1950 tsakanin Sifaniya da Fotugal, yanzu kuma duk bayan shekara biyu ake yi. Wadda aka yi a birnin Liyon na Faransa a watan Satumba na 2024 ta tara matasa wajen 1,400, daga magina da masu jan wayar lantarki har masu dafa abinci da masu gyaran gashi. Afirka ma tana da tata, an yi a Kigali a 2018, aka yi a Namibiya a 2022. A gasar duniyar kwana huɗu ake yi ana aiki, kuma sa'o'in a ƙidaye suke, ba sa wuce 22. Ya yi shiru, ya ce a shagonmu ƙofa ɗaya ma takan kwana uku idan babu wuta.

Daga Keffi tafiya ta yi daɗi har muka faɗa cunkoson Mararraba da Nyanya, wanda ya cinye mana fiye da sa'a guda. Bayan azahar muka isa.

Maigidan wurin, wato abokin nan nawa, bai bari mun huta ba. Ya warware buhun, ya ɗora farantin a kan tebur, ya kunna tocila ya kwantar da haskenta a gefen ɗinkin, wato layin waldar da ya haɗa ƙarfen. A ido aikin ya yi kyau, layin ya tafi sumul. Sai ya ɗauko ɗan ma'auni ya zura a bakin ɗinkin, inda wuta ta ci gefen ƙarfen ta bar kwari. Ya ce duk kwarin da zurfinsa ya wuce rabin milimita, maki ya tafi. Dalilinsa sananne ne: wuta ta yi yawa, ko an ɗaga sandar walda nesa da ƙarfe, ko hannu ya yi gudu bai tsaya a gefe ba har narkakken ƙarfe ya cike gurbin. Sanda mai kaurin milimita 3.2 da aka ƙona da ƙarfin wuta amfiya 150 ba ta buƙatar haka, tsakanin 110 da 130 ya ishe ta a wannan aikin.

Daga nan aka yanko tsiri biyu a farantin, aka goge su da giranda har suka yi daidai da fuskar ƙarfen, aka sa a matsi aka lanƙwasa su kamar harafin U. Na farko ya jure. Na biyu ya buɗe baki a gindin ɗinkin, tsaga ta fito fili, ta zarce milimita 3 da aka yarda da ita. Babban yaron ya sunkuyar da kai. Maigidan ya dafa shi ya ce, "Hannunka lafiya lau yake, ɗana. Shirin ne bai yi ba." Ya nuna masa: ba a fiƙe bakin farantin zuwa digiri 30 kowane gefe ba, an kuma matse su babu tazarar milimita 2 zuwa 3 da wuta za ta ratsa har ƙasa. Saman ya haɗu, cikin yana nan a rabe. Irin wannan aikin ne yake ɗaukar tankin ruwa shekara biyu, rana ɗaya a ji ya rufto.

A cikin tsagar kuma akwai ƙananan ramuka kamar na saƙar zuma. Wannan laifin sanda ne. Mun saba da sanda mai lamba 6013, wadda ke haƙuri da kowane irin ajiya. Ita kuwa 7018 da ake aikin ƙarfi da ita, ɓawonta yana shan laima, kuma laimar ce ke zama iska a cikin ɗinki. A wurinsa tana zaune a cikin tanda mai zafin digiri 120, ba a fito da ita sai adadin da za a ƙona a lokacin. Namu kwalin na 7018 a buɗe ya yi damina guda a ƙarƙashin benci.

Abin da ya fi ɗaukar hankalin yaran shi ne tankin gwaji, ɗan akwatin ƙarfe da aka haɗa da faranti da bututu, walda ta kowace fuska, a kwance da a tsaye da ta sama da kai. Ana cika shi da ruwa, a yi ta ƙara matsi da famfo ana kallon allurar agogo. Ruwa ake sa wa, ba iska ba, domin idan ya fashe ruwa tsiyaya zai yi, iska kuwa sai ta watsa ƙarfe a fuskar mutane. Na wata yarinya aka gwada a gabanmu, allura ta yi ta hawa, sai ga ɗigo ɗaya ya tsatso a kusurwa, daidai inda ta tsaya ta canza sanda. Ba ta ce uffan ba, ta ɗauki alli ta zagaye wurin.

Aikin alminiyom kuwa ba mu taɓa yi ba, don haka kallo muka yi. Alminiyom yana narkewa a digiri 660, amma fatar da ke samansa sai ta haura 2,000, shi ya sa ake goge ta da buroshin da bai taɓa baƙin ƙarfe ba, a yi aiki da injin walda na TIG, mai fesa iskar argon don ta kare ɗinki daga iskar waje. Ƙofar shagon a rufe take, saboda iskar hunturu kaɗan ta isa ta kore argon daga bakin wuta, ɗinki ya yi baƙi.

Abin ya tsaya mini a rai. Jos gari ne da haƙar kuza ta haifi maƙera da fita-fita tun zamanin Turawa, a nan kuma hedikwatar ITF take, hukumar horar da ma'aikatan masana'antu da aka kafa a 1971. Yaranmu suna iya gyara abin da wani zai jefar. Amma mu iyayen gidansu ba mu koya musu karanta zane ba, ba mu sa musu agogo, kuma ba mu taɓa karya aikinsu a gabansu don su ga cikinsa ba. Wannan ukun ba sa buƙatar injin miliyoyi.

Da safe kafin mu kama hanya na sayi ma'aunin ɗinki ɗaya da sabon kwalin 7018 da ba a buɗe ba. Maigidan ya zana mana yadda za mu haɗa abin lanƙwasa tsiri da jak ɗin mota da guntayen ƙarfe. A hawan Kibo, mota na nishi a giya biyu, babban yaron yana riƙe da tsirin da ya tsage, yana juya shi, yana lissafin yawan farantin da za mu iya yankowa daga ragowar ƙarfen da ke bayan shago.